Yadda za ku bi sawun kuɗin ƙaramar hukumarku, daga Abuja har bakin kwalbati

Kowane wata ana zama a Abuja a kasafta kuɗin da suka taru a asusun tarayya. Gwamnatin tarayya takan ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. A harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, kashi 35 na ƙananan hukumomi ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, abin da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai idan da naira za a lissafa. Amma shiga kowace gunduma ka tambayi nawa aka ware wa ƙaramar hukumarsu a watan jiya, da wuya ka samu mai amsa, har a cikin 'yan boko. Mun haddace sunayen ministoci, muna raba dare muna musu a kan siyasar Abuja, sakatariyar da ke bayan kasuwarmu kuwa ba mu san me ake ƙullawa a cikinta ba.

Na rubuta wannan ne domin wanda ya gaji da ƙorafi a teburin mai shayi, yake son ya yi tambayar da dole a amsa masa, in kuma an ƙi, ƙin amsar ya zame masa hujja. Hanyar ba ta da sarƙaƙiya: a zaɓi aiki ɗaya, a tambaya a rubuce, a riƙe shaidar an karɓi takarda, sannan a je a gani da ido.

Da farko, aikin wa ne?

Kafin ka ɗauki biro, tabbatar ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ita ce daidai. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya zayyana ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a, maƙabartu, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun titi, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa wa tituna suna da gidaje lamba, da lasisin kekuna da amalanke da kwale-kwale. Ya kuma ce tana da hannu, tare da jiha, a ilimin firamare da na manya, da kiwon lafiya, da noma.

A wannan "tare da jiha" ne mutane ke ɓata. Ajin firamaren da aka gina aka bari ba rufi yana iya zama kwangilar SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Rijiyar burtsatsen da aka rubuta sunan ɗan majalisa a jikin tankinta aikin mazaɓa ne, daga kasafin tarayya ko na jiha. Idan an kafa allo a wurin aikin, ɗauki hotonsa, domin a nan ake rubuta hukumar da ta ba da kwangilar da kamfanin da ya karɓa. Idan babu allo, tambayi mai unguwa ko dagaci, da wuya a sauke tifar yashi a gari ba da saninsu ba. Wanda ya kai wa ciyaman tambayar aikin da ba nasa ba ya ba shi amsa a kyauta.

Nawa ya shigo, nawa ya iso?

Ofishin Akanta-Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, suna wallafa rabon kowane wata a shafukansu na intanet, kuma a ciki akwai jadawalin ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya, jiha-jiha. Ƙungiyar BudgIT ma tana sauƙaƙa waɗannan alƙaluma. Sami wanda ya iya waya ko kwamfuta, ku nemo layin ƙaramar hukumarku, ku kwafe na wata goma sha biyu a littafi. Kar ku tsaya a wata ɗaya, don rabon yana hawa yana sauka.

Sai dai abin da aka rubuta a Abuja daban, abin da ya isa hannun ma'aji daban. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru ta nan kuɗin ke bi, gwamnatin jiha ta cire abin da za ta cire, ta miƙa ragowar. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni-Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa tsarin mulki. An yi murna, amma an ja ƙafa wajen aiwatarwa, kuma kowace jiha da yadda take tafiyar da nata.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: nawa ya shiga asusun ƙaramar hukuma, nawa aka cire kafin ya shiga ko bayan ya shiga, kuma da sunan me? Abubuwan da aka saba cirewa su ne albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Wannan na ƙarshen shi ya fi cancanta a sa masa ido, domin sau da yawa a babban birnin jiha ake ba da kwangilar, a ƙauye ake sa hannu. Akwai ciyamomin da abin da ke isa gare su bai kai yadda jama'a ke zato ba. Akwai kuma masu fakewa da "daga sama ne" su rufe nasu. Takarda ce kaɗai ke rarrabe su, kuma zalunci ne a yanke wa mutum hukunci kafin a gan ta.

Kowace jiha tana da Odita-Janar na ƙananan hukumomi, wanda ke binciken littattafansu duk shekara, kuma jihohi da dama suna sa rahotonsa a intanet. Ku nemi na shekarar da ta fi kusa. Kar tarin alƙaluman ya razana ku, ku wuce wurin da mai binciken ya rubuta abubuwan da ya lura da su: kuɗin da aka biya ba takardun shaida, kuɗin da aka ba ma'aikaci bai kawo bayanin yadda ya kashe ba, aikin da aka biya ba a yi ba. Irin waɗannan layuka tambaya ce da an riga an tsara muku.

Kada a manta da kuɗin shiga na cikin gida. Ranar kasuwa ka tsaya kusa da mai yanka rasit a ƙofar kara ko a tasha. Dubi takardar da yake miƙa wa mai akuya. Akwai sunan ƙaramar hukuma a kai? Akwai lamba mai bin juna? Akwai kwafi a ƙasa da ke zama a littafin? Ko kuwa ya karɓi kuɗin ya zura a aljihu ya ce "wuce"? Ku tara rasit na makonni kaɗan daga 'yan kasuwar da suka yarda da ku. Ranar da aka nuna muku abin da kasuwar ta kawo a shekara, za ku san ko lissafin ya yi kama da gaskiya.

Ku zaɓi aiki ɗaya, ku zama ƙungiya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta: "Muna son bayanin duk kuɗin da aka kashe tun da kuka hau." Wannan takarda a fayil za ta mutu. Ku zaɓi abu ɗaya da kowa ke gani: kwalbatin da ruwan bana ya cinye, famfon tuƙa-tuƙan da aka ƙaddamar bai yi wata ba ya tsaya, rumfunan kasuwar da aka raba ba a san da wane ma'auni ba.

Kuma kada mutum ya tafi shi kaɗai. Ku haɗa mutum biyar ko bakwai: dattijo da ake jin maganarsa, malamin makaranta, ɗan kasuwa, matashi mai waya, da mata, musamman in maganar ruwa ce ko asibiti, don su suka fi sanin ranar da famfo ya daina kawo ruwa da ranar da magani ya ƙare. Idan gundumarku tana da kwamitin ci gaban gunduma da ke kula da asibiti, ko kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ku jawo su, suna da matsayin da hukuma ta sani. Abin da zan ja kunne a kai shi ne, kar ƙungiyar ta zama ta 'yan jam'iyya ɗaya. Da zarar an ce "'yan adawa ne", an gama da maganar kwalbati, an koma maganar zaɓe.

Ku fara da kansilanku. Majalisar kansiloli ce ke da alhakin duba kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da sa ido a kan yadda ake kashe shi. Ku same shi a gida cikin mutunci, ku ce: "Honarabul, shafin kasafin da ya shafi gundumarmu muke son gani." Wani zai ba ku nan take. Wani kuma za ku tarar shi kansa bai taɓa riƙe kwafin ba, wannan ma ilimi ne. Ku sanar da hakimi ko dagaci abin da kuke yi, ba don neman izini ba, sai don kada labarin ya riga ku isa a karkace.

Rubuta takardar

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, ita ce madogararku. Da daɗewa jihohi suna cewa ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta yi tata. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata ƙara da ta taso daga jihar Edo, ta ce dokar ta shafi kowane mataki na gwamnati. Wanda ya kawo muku wancan tsohon uzuri, ku tuna masa da wannan.

Ga abubuwan da ya kamata ku riƙe a ka. Ba sai kun faɗi dalilin da ya sa kuke son bayanin ba, sashe na 1 ya ɗauke muku wannan. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai lalura ta musamman, yana iya wakilta wani, kuma in an nemi bayani da baki, wajibi ne jami'in ya rubuta ya ba mai nema kwafi. Ba a cajin komai sai kuɗin kwafe takardu. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa, amma sai ta sanar da ku a rubuce. Sashe na 2 ma cewa ya yi bayanin shigar kuɗi da fitarsu, da sunayen ma'aikata da muƙamansu da albashinsu, abubuwa ne da ya kamata hukuma ta wallafa da kanta ba sai an roƙa ba.

Ku nemi takardu, kada ku nemi ra'ayi. "Me ya sa aikin ya lalace?" tambaya ce da za a amsa da surutu. Ga yadda za a iya tsara ta:

"Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma. Ranka ya daɗe, bisa sashe na 1 da na 4 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, muna neman kwafin waɗannan takardu game da kwalbatin da aka gina a hanyar kasuwar gundumarmu: shafin kasafin kuɗin da aka sa aikin a ciki, takardar ba da kwangila mai ɗauke da sunan kamfani, adadin kuɗi da wa'adin kammalawa, ƙiyasin kaya da ma'aunin aiki da injiniya ya tsara, baucocin biyan kuɗi da ranakunsu, da takardar shaidar kammala aiki tare da sunan jami'in da ya sa hannu. A shirye muke mu biya kuɗin fotokwafi. Muna sauraron amsa cikin kwana 7 kamar yadda doka ta tanada."

A ƙasa sai suna, adireshi, lambar waya, kwanan wata da sa hannu. Tun da fayilolin ofis da Turanci suke, ku sa wanda ya iya ya mayar da ita Turanci, ku haɗa biyun. Babu zargi a ciki, babu habaici, babu "kamar yadda ake ta raɗe-raɗi". Shafi ɗaya ya isa.

Kai takardar sakatariya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawanci ake sakaci. Ku yi kwafi uku. Ku je da safe a ranar aiki, tsakiyar mako ya fi, mutum biyu. Kada ku miƙa wa ciyaman a hannu a wurin ɗaurin aure, kada ku ba direbansa ko wani na kusa da shi. Ku nemi ofishin rajista, inda ake karɓar wasiƙu.

Za ku tarar da akawu a bayan tebur, fayiloli jibge a gefensa. Ku gaisa sosai, ku miƙa. Zai karanta kan takardar, ya ɗago ya dube ku, wataƙila ya ce, "Ku bari sai Oga ya shigo." Ku ce, "Ba komai Yallaɓai, a dai buga mana hatimi a namu kwafin cewa an karɓa." Abin da kuke so a jikin kwafinku abu uku ne: hatimi, kwanan wata, da sa hannun wanda ya karɓa. Idan ya ce hatimin yana kulle a durowar wani, ya rubuta da biro cewa ya karɓa, ya sa suna da rana. Kada ku yi masa tsawa. Ƙaramin ma'aikaci ne mai tsoron a ce shi ya buɗe ƙofa, kuma gobe shi zai gaya muku teburin da fayil ɗinku ya kwana. Idan an ƙi karɓa ƙememe, ku aika ta kamfanin kai saƙo ko gidan waya da rajista, ku adana rasit da shaidar isarwa. Kafin ku bar harabar, ku ɗauki hoton kwafin mai hatimi, ku tura wa sauran 'yan ƙungiya.

Daga ranar nan kwanaki suka fara ƙirguwa.

Idan aka yi shiru, ko aka ce sirri ne

Shiru bayan wa'adi, a wurin doka, ƙi ne. Ku rubuta takardar tuni, ku maƙala kwafin ta farko, ku aika kwafi ga shugaban majalisar kansiloli da ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha. Sau da yawa ganin an sa na sama a ciki yakan motsa fayil.

In an ƙi a rubuce, dole a faɗi sashen dokar da aka dogara da shi. Akwai abubuwan da doka ta yarda a ɓoye, kamar tsaron ƙasa, binciken da jami'an tsaro ke kan yi, da bayanan rayuwar mutum ta ƙashin kansa. Kuɗin kwalbati ba ya cikinsu. Buga wa fayil tambarin sirri ma bai isa hujja ba, kuma in wani ɓangare na takarda ne ya cancanci ɓoyewa, sai a rufe shi a ba ku sauran. Idan suka ce takardun suna wata hukuma, aikinsu ne su tura buƙatarku can su sanar da ku.

Kuna da kwana 30 daga ranar ƙin ku garzaya Babbar Kotu. A can hukumar ce za ta kawo hujjar hana ku. In an tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000, wanda kuma ya lalata ko ya sauya takarda da gangan yana fuskantar ɗaurin shekara ɗaya aƙalla. Shari'a tana cin kuɗi da lokaci, don haka kafin kwana 30 su cika ku tuntuɓi ƙungiyoyin da suka saba da wannan aiki, irin su CITAD a Kano ko Media Rights Agenda, ko reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa.

In takardu sun zo, gani ya kori ji

Ku ɗauki ƙiyasin injiniya, ku nemi tsohon birkila ko injiniyan da ya yi ritaya, ku tafi wurin aikin da tef na awo. Takarda ta ce faɗin kwalbati kaza, ku auna. Inda kankare ya fashe, ku duba kaurin rodin da tazarar da ke tsakaninsu. Birkilan zai murza ɓarɓashin kankaren a yatsa ya gaya muku ko yashi ya rinjayi siminti. In rijiyar burtsatse ce, ku ƙirga faifan sola, ku duba girman tanki, ku tambayi matan unguwa kwana nawa ta yi tana ba da ruwa. Kowane hoto a rubuta ranarsa da wurinsa.

Sai ku jera ranaku. Yaushe aka ba da kwangila, yaushe aka biya, yaushe aka sa hannu cewa an kammala? Takardar kammalawa da ta riga zuwan yashi ba ta buƙatar dogon sharhi. Ku duba sunan kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ku ga ko yana da rajista da kuma yaushe aka yi ta. A 2019 hukumar NFIU, mai sa ido a kan hada-hadar kuɗi, ta sa ƙa'idar kada a ciri tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, don haka babban biya ya kamata ya bar sawu a banki.

Kuma in kun tarar an yi aikin daidai, ku faɗa a fili. Wannan ne zai sa a yarda da ku ranar da kuka ce ba a yi ba.

Ina za a kai abin da aka gano?

Ku fara da mai abin. Ku nemi zama da ciyaman ko daraktan ayyuka, ku ajiye takarda da hoto gefe da gefe, ku nemi abu takamaimai: a dawo da ɗan kwangila ya gyara kafin damina, a rubuta rana. Manufar ita ce ruwa ya wuce ta ƙarƙashin kwalbati, ba a kunyata wani ba.

In an yi biris, sai rediyo. Shiri irin Inda Ranka na gidan rediyon Freedom a Kano ya nuna yadda hukuma ke saurin motsi in magana ta fita a iska, kuma ɗan jarida ya fi son wanda ya zo da takarda mai hatimi. In akwai alamar an ci kuɗi, ku kai ƙorafi a rubuce ga ICPC ko EFCC, ko hukumar jiha inda take, kamar Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Kano. Ku ba da kwafi, ku riƙe na asali. Mutanen Bagega da ke Anka a Zamfara sun ga amfanin naci irin wannan, lokacin da matasan Follow The Money, masu bin sawun kuɗin gwamnati, suka matsa har aka saki kuɗin share gubar dalma a 2013.

A Facebook kuwa ku yi hattara. An sha kama mutane da dokar laifukan intanet ta 2015 saboda rubutu. Ku sa hoton takarda, ku sa hoton aiki, ku ce "an biya kaza, ga abin da ke ƙasa, muna neman bayani." Kada ku kira kowa ɓarawo, wannan hurumin kotu ne. Ma'aikacin da ya taimaka muku a ɓoye, doka ta ba shi kariya, amma kada sunansa ya fito daga bakinku ko a cikin ƙungiya. In an yi wa ɗayanku barazana, a rubuta rana da abin da aka faɗa, a sanar da dattawa da lauya a ranar.

Wajen ƙarshen shekara ne ake haɗa kasafin baɗi. A jihar Kaduna akwai tsarin da al'umma ke jera buƙatunsu bisa fifiko a miƙa don a sa a kasafi. Ko jiharku ba ta da irinsa, ku kira taron gunduma tun watan Satumba, ku amince da buƙatu uku, ku rubuta, ku kai wa kansila da ofishin tsare-tsare, a buga muku hatimi. Idan sabuwar shekara ta kama, ku nemi shafin gundumarku a kasafin da aka amince da shi, ku duba wanne ya shiga da nawa aka sa masa, ku kafe kwafi a ƙofar mai unguwa da bakin kasuwa.